Shekarar 2024 a Fagen Sumo: Abin da Jerin Zakaru Bai Faɗa Ba

Sumo ita ce kokawar gargajiya ta ƙasar Japan, kuma a matakinta na sana'a hukuma ɗaya ce ke tafiyar da ita, wato Hukumar Sumo ta Japan, wadda tun daga shekarar 1958 take shirya manyan gasanni shida a kowace shekara: uku a birnin Tokiyo cikin watannin Janairu da Mayu da Satumba, sauran ukun kuma a Osaka cikin Maris, da Nagoya cikin Yuli, da Fukuoka cikin Nuwamba. Kowace gasa tana ɗaukar kwana 15, ana buɗe ta ranar Lahadi a rufe ta ranar Lahadi, kuma ɗan kokawar da ke babban rukuni yana karawa sau ɗaya tak a kowace rana, saboda haka shekararsa cikakkiya karawa 90 ce. Wanda ya fi kowa yawan nasara a cikin kwanakin 15 shi ke karɓar Kofin Sarkin Japan tare da kyautar yen miliyan 10, idan kuwa mutum biyu ko fiye suka yi kunnen doki a ranar ƙarshe, sai a sake haɗa su nan take a karawar raba gardama.

Ƙa'idar karawar ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya saba kallon kokawar gargajiya a Sakkwato ko Maraɗi ba, domin a nan ma kai abokin karawa ƙasa ake nema, kuma duk wanda wani sashe na jikinsa, ban da tafin ƙafa, ya riga taɓa ƙasa ya sha kaye. Abin da sumo ta ƙara shi ne da'ira mai faɗin mita 4.55 da ake shatawa da damman kara a kan dandamalin yumɓu mai suna dohyo, wadda wanda aka fitar daga cikinta shi ma ya faɗi, ko da yana tsaye da ƙafafunsa. Ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi, don haka mai kilo 120 yana iya gamuwa da mai kilo 190, kuma yawancin karawa ba ta wuce 'yan daƙiƙu, ko da yake shirye-shiryen da ke gabanta, na watsa gishiri da tsugunno da kallon-kallo, suna ɗaukar mintoci.

Ba za a iya karanta sakamakon shekara ba sai an fahimci jadawalin matsayi da ake kira banzuke, wanda hukuma ke sabuntawa kafin kowace gasa. Rukunai shida ne, na sama shi ne makuuchi mai mutum 42, na biye da shi juryo mai mutum 28, kuma waɗannan biyun kaɗai ake biya albashi, sauran huɗun na ƙasa ɗan alawus kawai suke samu, suna kuma yi wa manyansu hidima a gidajen horon da suke zaune. A cikin makuuchi akwai matakai biyar: yokozuna a ƙoli, sai ozeki, sai sekiwake, sai komusubi, sai kuma maegashira, waɗanda su ne mafi yawa, ana jera su da lamba daga 1 zuwa 17 ko makamancin haka. Wanda ya yi nasara 8 ko fiye a cikin 15 zai hau sama a jadawali na gaba, wanda ya gaza zai sauka, kuma ranar da mutum bai fito ba, ko da yana kwance a asibiti ne, ana lissafa ta tamkar ya sha kaye. Ozeki yana da ɗan sassauci, domin sai ya gaza samun rinjaye a gasa biyu a jere ake sauke shi, in kuma ya yi nasara 10 a gasar da ta biyo baya a matsayin sekiwake, a mayar masa da muƙaminsa. Yokozuna kaɗai ne ba a saukewa har abada. Idan ƙarfinsa ya ƙare, abin da ake jira daga gare shi shi ne ya yi murabus da kansa.

Jerin zakarun 2024 gajere ne. Terunofuji, yokozuna ɗaya tilo a lokacin, ya ɗauki kofin Janairu da nasara 13 da shan kaye 2. Takerufuji ya ɗauki na Maris da 13 da 2. Onosato ya ɗauki na Mayu da 12 da 3. Terunofuji ya sake ɗaukar na Yuli da 12 da 3. Onosato ya koma kan na Satumba da 13 da 2. Kotozakura kuma ya rufe shekara a Nuwamba da 14 da 1. Mai kallon wannan jeri zai ga mutum huɗu sun raba kofuna shida, zai kuma lura babu wanda ya gama gasa ba tare da an ka da shi ba, abin da rabon da a gani a babban rukuni tun Nuwambar 2021. Yana iya ɗauka cewa tsohon gwarzo da sabon tauraro sun yi canjaras, kowa da kofi biyu. Sai dai jerin bai nuna wanda ya fito kwana 90 da wanda ya kammala gasa biyu kacal ba, bai kuma nuna abin da kowane kofi ya ci a jikin wanda ya ɗaga shi ba, alhali a nan ne ainihin labarin shekarar yake.

Terunofuji, haifaffen Mongoliya a 1991, yana da tarihin da babu kamarsa a wannan sana'a. Ya kai matsayin ozeki a 2015, sannan ciwon gwiwoyi biyu da ciwon sukari suka yi ta jan sa ƙasa, gasa bayan gasa, har ya tsinci kansa a rukuni na biyar cikin shida a watan Maris na 2019, yana karawa da yara masu tasowa ba tare da albashi ba. Daga can ya sake hawowa, ya ci kofi a gasarsa ta farko bayan komawa makuuchi a Yulin 2020, ya zama yokozuna na 73 a 2021. Lokacin da aka buɗe gasar Janairun 2024 a zauren Kokugikan da ke unguwar Ryogoku, rabonsa da kammala gasa tun Mayun shekarar da ta gabata, kuma hankalin jama'a ya fi karkata ga Kirishima, ozeki ɗan ƙasarsu, wanda ya ci kofin Nuwambar 2023 yana neman na biyu a jere, domin kofi biyu a jere, ko abin da ya yi daidai da su, shi ne ma'aunin da kwamitin shawara kan naɗin yokozuna ke dubawa. Kirishima ya tsaya a nasara 11. Terunofuji ya ka da shi a ranar ƙarshe, sannan ya fitar da Kotonowaka daga da'ira a karawar raba gardama, ya karɓi kofinsa na tara. Kotonowaka bai tashi a banza ba, domin nasara 13 da ya yi ta cika masa 33 a gasa uku, adadin da aka saba nema kafin a ba mutum muƙamin ozeki, kuma daga watan Mayu ya koma amsa sunan Kotozakura, sunan fagen kakansa na wajen uwa, yokozuna na 53.

Abin da ya biyo baya ga Terunofuji shi ne ficewa a tsakiyar gasar Maris da nasara biyu kacal, da ficewa a rana ta biyu ta gasar Mayu ba tare da nasara ko ɗaya ba. A Nagoya cikin Yuli ya dawo kamar ba shi ne mai jinya ba, ya yi nasara goma a jere, sannan ƙarfi ya fara gaza masa, Onosato da Takanosho da Kotozakura suka ka da shi a cikin kwanaki biyar na ƙarshe, har sai da aka kai ga raba gardama da Takanosho, maegashira mai lamba 6, kafin ya cika burin da ya daɗe yana ambata na kofi goma. Bai sake taka dohyo ba a gasar Satumba ko ta Nuwamba. Jimillar nasarorinsa a shekarar 27 ce daga cikin 90, adadin da, in da kowane ɗan kokawa ne ban da yokozuna, da ya fitar da shi daga babban rukuni gaba ɗaya. Wannan ba ragi ba ne ga bajintarsa, domin duk gasar da ya kammala a shekarar shi ya ci ta, amma ya nuna a fili cewa hutu domin jinya gata ne na muƙami ɗaya tak, kuma kofunansa biyu sun samu ne saboda yana da damar zaɓar lokacin da jikinsa zai iya ɗaukar kwana 15.

Gasar Osaka ta Maris ce ta nuna yadda lamarin yake ga wanda ba shi da wannan gata. Takerufuji, ɗan jihar Aomori da ke arewacin babban tsibirin Japan, mai shekara 24, ya shigo sana'ar ne a Satumbar 2022 bayan ya gama Jami'ar Nihon, ya fara daga can ƙasa, ya ratsa juryo a gasa ɗaya, ya shigo makuuchi a matsayi na ƙarshe, maegashira mai lamba 17. Salonsa sauri ne: yana zabura tun daga tsugunno, ya dafe ƙirjin abokin karawa kafin wancan ya kama ɗamara, ya kora shi waje a layi ɗaya. Da wannan ya yi nasara 11 a jere daga ranar farko, ya kamo tarihin da Taiho ya kafa a 1960 na sabon shiga, kuma tun da al'ada ce a riƙa haɗa ƙaramin da ke kan gaba da manya a mako na biyu, cikin waɗanda ya ka da har da Onosato da sabon ozeki Kotonowaka. Ozeki Hoshoryu ne ya fara tsayar da shi a rana ta 12. A rana ta 14 Asanoyama ya ka da shi, idon sawunsa na dama ya ji mummunan rauni, aka fitar da shi daga zauren a keken marasa lafiya zuwa asibiti, yana da tazarar nasara ɗaya tsakaninsa da Onosato.

Washegari ya fito da ƙafa a ɗaure, ya tura Gonoyama ƙasa a bakin da'ira, ya zama mutum na farko da ya ci kofi a gasarsa ta farko a babban rukuni tun bayan wani ɗan kokawa mai suna Ryogoku a watan Mayu na 1914, shekara 110 ke nan. An haɗa masa da kyaututtukan nan uku na musamman da ake bayarwa ga waɗanda ke ƙasa da ozeki, ta bajinta da ta jarumta da ta gwaninta, kowace yen miliyan 2. Gasa goma kacal ya yi a sana'ar, har gashinsa bai kai tsawon da za a ɗaure masa babban tukkun da manyan 'yan kokawa ke yi ba. Shi da kansa ya bayyana cewa Terunofuji, wanda gidan horonsu ɗaya ne, gidan Isegahama, shi ya ƙarfafa masa gwiwar fitowa a daren da ya ji raunin. Japan ta yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma sakamakon watannin da suka biyo baya shi ma wani ɓangare ne na labarin: bai fito ko sau ɗaya ba a gasar Mayu, aka rubuta masa kwana 15 na rashin nasara, kuma kafin Yuli zakaran Osaka ya koma juryo, inda ya gwada fitowa a tsakiyar gasa ya sake janyewa. Sai da ya ci kofin juryo a Satumba sannan ya dawo makuuchi a Nuwamba, kusa da matsayin da ya baro tun farko.

Masu bin sumo sun san wannan hanya, domin an bi ta a gabansu. A Maris na 2017, a wannan birni na Osaka, Kisenosato, wanda aka naɗa yokozuna watanni biyu kafin nan, ya yage tsokar ƙirji da kafaɗar hagu a rana ta 13, ya ƙi janyewa, ya ka da Terunofuji sau biyu a ranar ƙarshe ya ɗauki kofi, jama'a na kuka don farin ciki. Hannun hagun da ya dogara da shi bai sake komawa daidai ba. Gasa takwas a jere bai kammala ba, ya yi murabus a Janairun 2019 ba tare da ya ƙara cin wani kofi ba. A da akwai wani tsari da ke barin wanda ya ji rauni a kan dohyo ya huta gasa ɗaya ba tare da an taɓa matsayinsa ba, amma hukuma ta soke shi a ƙarshen 2003, bisa hujjar cewa ana fakewa da shi har manya sun yi ƙaranci a fage. Hujjar ba ta rasa tushe, domin mai sayen tikiti yana da haƙƙin ganin waɗanda ya biya kuɗi dominsu. Duk da haka, tsarin da ke sa saurayi mai tsinkakkiyar jijiya ya zaɓa tsakanin lafiyar ƙafarsa da albashinsa tsari ne mai cin 'ya'yansa, kuma yabon da ake yi wa mai fitowa da rauni, komai cancantarsa, yana taimakawa wajen rufe wannan tambaya maimakon buɗe ta.

Matakin ozeki ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa a wannan shekara. Mutum huɗu ne ke riƙe da muƙamin a Maris, kuma a ranar farko ta gasar Mayu dukansu huɗun, tare da yokozuna, an ka da su. Kirishima, wanda a Janairu ake maganar naɗa shi yokozuna, ciwon wuya ya sa ya tashi da nasara 5 a Maris, ya janye a Mayu, aka sauke shi, kuma nasara 8 da ya samu a Yuli ba ta kai goman da za ta mayar da shi ba. Takakeisho, gajere mai kauri da ya gina sana'arsa kan karo da kai da turi, wanda ya ci kofi huɗu tsakanin 2018 da 2023, shi ma wuyansa ne ya gaza. Ya rasa muƙamin bayan nasara 5 a Yuli, ya sha kaye biyu a farkon gasar Satumba, ya yi murabus yana ɗan shekara 28, shekarun da ɗan kokawa ya kamata ya kasance a ganiyarsa. Asanoyama, tsohon ozeki da ke kan hanyar komawa sama, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a Nagoya, kuma da ya zaɓi tiyata da cikakkiyar jinya, jadawali ya yi ta gangarawa da shi har rukuni na huɗu. Wakatakakage ne ya nuna cewa wannan zaɓi yana iya haifar da ɗa mai ido, domin shi ma irin wannan rauni ya kai shi rukunin marasa albashi a 2023, ya dawo makuuchi a Yulin 2024, ya yi nasara 11, ya ƙara da 12 a Satumba.

A cikin wannan giɓi ne Onosato ya taso. Ɗan garin Tsubata ne a jihar Ishikawa, jihar da girgizar ƙasa ta afka wa yankinta na Noto a ranar 1 ga Janairun 2024, abin da ya sa nasarorinsa suka ɗauki wata ma'ana ta daban a wurin mutanen yankin. Tsawonsa ya haura santimita 190, nauyinsa a lokacin wajen kilo 180, kuma yana tafiya da wannan jiki cikin saurin da ba a saba gani ba: ya cusa hannun dama ƙarƙashin hammatar abokin karawa, ya tokare shi da na hagu, ya wuce da shi. Tun yana ɗalibi a jami'ar koyon wasannin motsa jiki ta Nittaidai ya ci gasar ƙasa ta waɗanda ba su shiga sana'a ba har sau biyu, wannan ya sa aka ba shi damar farawa daga saman rukuni na uku a Mayun 2023, maimakon daga ƙasa. Ubangidansa kuwa ba kowa ba ne face Kisenosato, wanda yanzu ke riƙe da gidan horo na Nishonoseki. Ya yi nasara 11 a Janairu, gasarsa ta farko a makuuchi, ya maimaita 11 a Maris, aka ɗaga shi komusubi, ya buɗe gasar Mayu da ka da Terunofuji, ya rufe ta da ka da Abi, ya ɗauki kofi a gasarsa ta bakwai a sana'a. Wannan ya zarce tarihin saurin cin kofi da Takerufuji ya kafa watanni biyu kacal kafin nan, ko da yake adalci ya buƙaci a tuna cewa shi Takerufuji daga tushe ya taso, don haka lissafin biyu ba ma'auninsu ɗaya ba.

Yuli ta nuna rauninsa, domin manya sun gano cewa idan aka tare masa hannun dama yakan ja da baya yana neman fizgo abokin karawa ƙasa, ɗabi'ar da ke buɗe ƙirjinsa ga mai turi. Ya tashi da nasara 9. A Satumba ya dawo da gyara, yana amfani da hannun hagu fiye da da, ya yi nasara 11 a jere, Wakatakakage ya tsayar da shi a rana ta 12, ya tabbatar da kofin a rana ta 14 bayan ya fitar da Hoshoryu. Nasara 12 da 9 da 13 sun ba shi 34, aka naɗa shi ozeki bayan gasa tara, saurin da ba a taɓa gani ba a zamanin gasa shida, shi ma kuma da ƙaramin tukku.

A rana ta uku ta wannan gasa ta Satumba aka kafa wani tarihi da ba ya shiga jerin zakaru, amma ya fi da yawa daga cikin kofuna wahalar samu. Tamawashi, ɗan Mongoliya mai shekara 39 da ya shiga sana'ar a Janairun 2004, ya fito karawarsa ta 1,631 a jere, ya wuce adadin 1,630 da Aobajo ya bari tun 1986. Kwanakin da ya rasa a Yulin 2022, lokacin da aka killace gidan horonsu saboda cutar korona, hukuma ba ta lissafa masa su ba, tun da ba daga gare shi ba ne. Shekara ashirin ana karo da ƙarti masu kilo 150 ba tare da fashin rana ɗaya ba abu ne da ya cancanci girmamawa, sai dai kasancewarsa abin mamaki shi kansa shaida ce kan yadda tsarin ke yi da sauran.

Gasar Fukuoka ta Nuwamba ce mafi tsafta a shekarar ta fuskar tsari, domin a karon farko manyan da ake sa rai su ne suka riƙe ragama daga farko har ƙarshe. Kotozakura da Hoshoryu, ozeki biyu, sun iso ranar ƙarshe kowa da nasara 13 da shan kaye ɗaya, aka haɗa su a karawar rufe gasa, wadda ta zama tsakanin jikan yokozuna da ɗan ɗan'uwan yokozuna, tun da Hoshoryu ɗa ne a wurin Asashoryu, yokozuna na 68. Hoshoryu ya kai farmaki yana neman jifa, ƙafarsa ta zame, Kotozakura ya danna shi ƙasa, ya ɗauki kofinsa na farko yana ɗan shekara 27. Da wannan ya kammala shekara da nasara 66, mafi yawa a babban rukuni, Onosato na biye da shi da 65, kuma su biyun babu wanda ya yi fashin rana ɗaya ko ya gaza samun rinjaye a wata gasa. Wannan lissafi na jimilla ya fi jerin kofuna gaskiya wajen nuna wanda ya ɗauki nauyin shekarar. Yana kuma nuna inda sumo take idan aka gwada da baya: Asashoryu ya cinye kofuna shida duka a 2005 da nasara 84, yokozuna Hakuho ya yi 86 a 2009 ya maimaita a 2010. Adadin 66 ya gaza waɗannan nesa ba kusa ba, amma ya ɗara 57 da aka tsaya a kai a 2022, shekarar da mutum shida daban-daban suka ci kofuna shida, ya kuma ɗara 62 na 2023, alamar cewa rarrabuwar da ta biyo bayan murabus ɗin Hakuho a 2021 ta fara tattaruwa a hannun 'yan kaɗan.

Akwai kuma batun asali, wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba amma yana cikin zukatan 'yan kallo. Tsakanin gasar Janairun 2006 da ta Janairun 2016, shekara goma cur, babu haifaffen Japan da ya ci kofin makuuchi, 'yan Mongoliya ne suka mamaye fagen, alhali a 2024 kofuna huɗu cikin shida sun tafi ga matasa uku haifaffun ƙasar. A watan Afrilun shekarar ne Akebono, ɗan tsibirin Hawayi na Amurka wanda a 1993 ya zama baƙo na farko da ya hau muƙamin yokozuna, ya rasu yana da shekara 54. Tikitin kwanaki 90 duka ya ƙare a 2024, abin da rabon da a gani tun 1996, amma cikar zaure ba ta warware matsalar da ke damun hukuma ba, wato ƙarancin samarin da ke yarda su shiga gidajen horo, har ta kai an sassauta sharaɗin tsawo da nauyi da ake gindaya wa sababbin shiga. Iyayen da ke kallon Onosato yana ɗaga kofi su ne kuma suka kalli Takakeisho yana barin fage yana da shekara 28, kuma ba za a zarge su ba idan suka auna biyun kafin su miƙa ɗansu.

Sakamakon Nuwamba ya sa Kotozakura da Hoshoryu suka shiga gasar Janairun 2025 kowa yana neman muƙamin yokozuna, kuma a cikin makon farko na gasar Terunofuji ya sanar da murabus, bayan ya sha kaye a karawa biyu cikin huɗu, ya bar muƙamin babu kowa. Kotozakura, gwarzon jimillar 2024, ya rushe da nasara 5 kacal. Hoshoryu ya sha kaye uku a hannun maegashira, ya farfaɗo ya gama da 12, ya ka da Kinbozan da Oho a raba gardama ta mutum uku, aka naɗa shi yokozuna na 74, duk da cewa wasu masu sharhi na ganin an yi gaggawa ne don kada jadawali ya fito ba yokozuna, abin da rabon da ya faru tun 1993. A gasarsa ta farko da sabon muƙamin, cikin Maris, ya janye saboda rauni kafin a kai ƙarshe. Onosato ne ya ci wannan gasa, ya ƙara da ta Mayu da nasara 14, aka naɗa shi yokozuna na 75 bayan gasa 13 kacal a sana'a, haifaffen Japan na farko da ya kai wannan matsayi tun bayan ubangidansa a 2017.